Daga wuyan Gwaggo zuwa waya: yadda nake sayar da kayan duwatsun ado

Wata biyar cur na yi ina shirya duwatsu ina tarawa a cikin wata tsohuwar kwalla ta mahaifiyata, ban sayar da ko jigida ɗaya ba. A 2018 na koyi aikin a hannun wata maƙwabciyarmu a nan cikin Kano, kuma hannuna ya faɗa da wuri. Duk wadda ta shigo ta gani sai ta ce, "Masha Allah, ke kika yi da kanki?" Ta ɗaga, ta juya, ta kara a wuya, ta mayar cikin kwalla. Yabo kam na sha shi, amma jarina yana kwance, ba ni da na sayen wani ƙullin duwatsun.

Gwaggona ce ta buɗe mini ƙofa ba tare da ta yi niyya ba. Za ta je suna a Fagge, ta leƙo ɗakina ta ce, "'Yar nan, ara mini waccan mai ruwan zuma, za ta shiga da leshina." Bayan Magariba ta dawo da lambar mata uku a rubuce jikin wani ɗan kwali, kowacce tana son irinta. Na yi murna har da hawaye. Da na tambaye ta nawa ta ce musu, sai ta faɗi kuɗin da ko duwatsun bai mayar ba. Ba laifinta ba ne. Ban taɓa gaya mata farashi ba, domin ni kaina ban taɓa zama na lissafa ba. Na yi musu sarƙoƙin a haka tunda magana ta riga ta fita daga bakin Gwaggo, na buɗe ciniki da faɗuwa.

Duk abin da zan gaya miki, 'yar'uwa, daga wannan ranar ya taso. Kayan duwatsu a jikin mutum ake ganin kyansu a yi sha'awa, kuma kafin su bar ɗakinki wajibi ne ki san kuɗinsu. Waya da intanet tsawaita wannan hanyar suka yi, suka kai wuyan Gwaggo har Abuja da Maraɗi.

Ja ki gani kafin ki nuna wa kowa

Zan fara da ƙwari, domin a nan na yi asarar da ta fi yi mini ciwo. Na taɓa yi wa wata ƙawar amarya sarƙa mai hawa uku ta duwatsun gilas masu nauyi, na zura su a siririn zaren kamun kifi guda ɗaya, irin wanda ya dace da ƙananan duwatsun nan masu kama da yashi. Ana tsakiyar kamu, gyalenta ya sarƙafe da sarƙar, ta ɗan ja, zare ya tsinke. Duwatsu suka watse a kan tayil suna gangarawa ƙarƙashin kujeru, yara suna bi suna tsinta. Na ba ta haƙuri, na sake mata wata kyauta, ta karɓa da mutunci. Amma ba ta ƙara dawowa ba, haka ma ƙawayenta shida da suka ce za su yi anko a wajena.

Tun daga lokacin, duwatsu masu nauyi a wayar nan mai rufin roba da ake kira taiga tel nake zura su, in matse sitofa biyu, wato 'yan ƙananan zobban ƙarfe masu riƙe wayar, a kowane gefe da filaya. Inda zan yi amfani da zaren kamun kifi kuwa, ninka shi nake yi. Duk abin da na gama, sai na kama shi da hannu biyu na ja da ɗan ƙarfi, na girgiza, na buɗe maɗaurin na rufe sau biyar ko shida. Ki shafa shi a bayan hannunki ki ji ko akwai tsinin waya da zai soki wuya ko ya ja zaren mayafi. Ƙarfen da kike sawa ma ki kula da shi. Maɗauri mai araha wanda aka shafa wa ruwan gwal yakan koɗe cikin 'yan makonni, wasu matan kuma yana sa musu ƙaiƙayi a wuya da kunne. Na sitil ya fi tsada, amma ba ya tsatsa. Ki ajiye duka biyun ki gaya wa mai saye bambancinsu, ta zaɓa da saninta.

Lissafi

Ki sayi littafi mai layi irin na 'yan makaranta, ki ware shi domin wannan sana'a kaɗai. Kowane abu da kika yi, ki ba shi shafinsa. Bari in nuna miki yadda nake lissafa saitin sarƙa da 'yan kunne da abin hannu. Alƙaluman nan misali ne, ke ki sa na kasuwarki na yau.

A ce duwatsun da saitin ya ci na naira 4,000 ne. Waya da sitofa da maɗauri da ƙugiyar 'yan kunne, 800. Ɗan akwatin kwali da leda da katin da ke ɗauke da lambarki, 400. Sai abin da yawancinmu muke mantawa: kuɗin adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da dawowa, da datar da kika ƙona wajen tura hotuna. Ki raba su a kan kayan da kika yi a satin, a ce rabon wannan saitin 500. Kin ga 5,700 ke nan, kuma har yanzu ba ki biya kanki ko kwabo ba. Awa huɗu kika yi a zaune, ido a kan ramin dutse, baya a sunkuye. Ki yanka wa kanki ladan awa, a ce 800, ya zama 3,200. Jimla 8,900. A kan wannan ne za ki ɗora riba, ki ce 11,000 ga mai sayen ɗaya, 9,500 ga mai sari.

Ladan hannu daban, riba daban, kuma na daɗe kafin wannan ya zauna mini. Ladan hannu naki ne, ki ci, ki sayi sabulu, ki zuba adashi. Riba ta sana'ar ce, da ita za ki sake filayar da ta dakushe, ki rufe asarar duwatsun da suka zo a fashe, ki ƙara jari. Ranar da oda ta yi miki yawa kika ɗauki wata yarinya ta taya ki, ladan hannun nan za ki ba ta. Idan tun farko ba ki sa shi a farashi ba, daga aljihunki zai fito.

Akwai kuma abin da 2023 ta koya mana da ƙarfin tsiya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, naira kuma ta faɗi, duwatsun kiristal da na gilas da akasari daga Caina ake shigo da su suka riƙa tashi kusan duk shiga kasuwa. Na sayar da kaya a tsohon farashi ina ganin na ci riba, na koma kasuwa kuɗin suka kasa sayo mini adadin duwatsun da na fitar. Saboda haka kada ki lissafa da kuɗin da kika saya watanni uku baya. Ki lissafa da abin da za ki biya idan yau za ki sake saye. Ni yanzu kafin in yanke wa mai babbar oda farashi, sai na kira mai shagon da nake sari a wajensa na ji yadda kasuwa ta kwana.

A cikin unguwa ba a ciniki sai da tayi, don haka ki bar ɗan wuri a sama. Amma ki riƙe adadin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba, idan an taya ƙasa da haka ki ce albarka da fara'a, ki nuna mata wani mai sauƙin kuɗi. Za a ce miki ai a kasuwa akwai irinsa rabin kuɗin. Gaskiya ne akwai, na roba ne da inji ya zubo. Ki ɗora mata naki a tafin hannu ta ji nauyi da sanyin gilas, ta ji ƙararsa idan ya haɗu da ɗan'uwansa. Gani ya kori ji.

'Yan uwa kuwa, ga yadda na raba gardama da kaina. Idan zan ba ƙanwata ko matar yayana, nakan ce, "Wannan kyauta ce," in rubuta shi a littafi a matsayin kyauta. Idan ciniki ne, ciniki ne, da kuɗi a hannu ko ranar biya a rubuce. "Kawo in gani, za mu yi magana" ita ce ta cinye mini jari sau biyu, kuma ta fi ɓata zumunci a kan faɗin gaskiya tun farko.

Kasuwar da ke ƙofar gidanki

Ki sa kayanki. Duk biki, duk suna, duk walima, kada ki fita da sarƙar kanti a wuya alhali kina yin taki. Ki riƙe 'yan katuna a jaka, kuma ki gaya wa duk wadda za ta ara farashin kafin ta fita.

A cikin duk waɗanda na yi hulɗa da su, tela ya fi kowa kawo mini ciniki. Dalili kuwa yadin yana hannunsa tun kafin ranar sawa. Akwai wata mai ɗinki a layinmu da nake zuwa wajenta ina karɓar ƙyallayen leshi da atamfar da ta yanka. In dawo gida in shimfiɗa su a kan tire, in riƙa ɗora duwatsu a kai har in sami wanda ya shiga. Wani lokacin ba babban launin yadin nake bi ba, ɗan siririn zanen ruwan goro da ke gefen furen nake ɗauka, shi ne yake tayar da kwalliyar. In yi saiti ɗaya in kai mata. Ranar da mai kayan ta zo karɓa, sai ta tarar da rigarta a rataye da sarƙar da kamar tare aka haife su. Da wuya ta tafi ta bar ta. Mai ɗinkin tana da la'adarta a kan kowane saiti, mun yanke tun farko, kuma a ranar nake ba ta.

Haka za ki yi da mai lalle, da mai kitso, da mai kwalliyar amare. Su ne suke zama da mace awa biyu ko uku a daidai lokacin da hankalinta yake kan ado.

Kada kuma ki raina dillaliya don kina da waya mai kyau. Tana shiga gidajen da hotonki ba zai taɓa shiga ba, wajen iyayenmu da matan da ba su cika fita ba, kuma su ne masu sayen jigida da tsakiya da murjani don haɗa lefe da kayan ɗiyarsu. Sai dai ki fara mata da kaya kaɗan, kamar guda goma. Ku ƙirga tare, ki rubuta a takarda biyu, ɗaya wajenki ɗaya wajenta, ku sa ranar lissafi, ni duk Juma'a da yamma ce. Abin da bai shiga ba cikin sati biyu ta dawo da shi ki canza mata wani, domin kaya idan suka daɗe suna yawo a jaka sukan dusashe.

Anko shi ne babban ciniki, shi ne kuma mai haɗari. Ki yi samfur ɗaya tak, uwar biki ko babbar ƙawa ta gani ta amince. Ki karɓi kafin alƙalami da aƙalla zai sayi duwatsun gaba ɗaya. Ki saye su rana ɗaya a shago ɗaya, har da ɗan ƙari, domin launi ɗaya yakan bambanta daga wannan buhu zuwa wancan, kuma bambancin da ba ki gani a ɗaki zai fito fili idan mata goma sha biyu suka jeru a hoto. Idan kin san za ki gama Talata, ki ce Alhamis.

Shekara ma tana da nata tsari. Bukukuwa sukan yi yawa kafin azumi da kuma ƙarshen shekara. Kwanaki goman ƙarshe na Ramadan na kayan Sallah ne, musamman 'yan abin hannu da sarƙoƙin yara mata, masu sauƙin kuɗi da saurin tafiya. Carbi kuwa yana da kasuwa a azumi, da lokacin dawowar alhazai, da walimar saukar Alƙur'ani inda ake rabawa. Idan za ki yi carbi, mai 33 ne ko mai 99, ki ƙirga sau biyu kafin ki ƙulle. Mutum zai yi shekaru yana tasbihi da shi ya dogara da ƙirgarki, wannan amana ce.

Idan kin ɗan yi ƙarfi, ki gwada bajekoli. Wanda KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, take shiryawa a filinta na Zoo Road wajen ƙarshen shekara yana tara jama'a sosai. Kuɗin rumfa zai yi wa mutum ɗaya nauyi, mu uku muka haɗa, ni da mai turaren wuta da mai jakunkuna. Ki tafi da madubi babba, da ƙananan kaya masu araha da za su tsayar da mai wucewa.

Wata magana kan gaskiyar kaya. Nakan shiga Kurmi, kasuwar da ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, in nemi tsofaffin duwatsu da na gargajiya. Akwai na gilas da masaga, wato masu sana'ar gilas ta gargajiya, suke narkawa a Bida, akwai na niƙaƙƙen gilas da mutanen Krobo suke yi a Ghana. Irin waɗannan suna da masu nemansu, musamman baƙi da 'yan Abuja, kuma labarin inda suka fito yana ƙara musu daraja. To amma kada ki kira na Caina da sunan Bida, kada ki kira jan dutsen da aka rina da sunan murjani na asali. Wadda ta san kaya za ta gane, wadda ba ta sani ba kuma hakkinta yana kanki.

Waya

Hoto ne kanti, kuma ba sai da waya mai tsada ba. Ga yadda nake yi. Da safe tsakanin ƙarfe takwas da goma, nakan kai ƙaramin teburi bakin ƙofar ɗaki inda haske yake shigowa amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye. In shimfiɗa farin yadi marar sheƙi. In goge idon kyamara da gefen ɗankwali, domin maiƙon hannu ne yake sa hoto ya yi hazo. Ba na kunna fitilar waya, tana sa kiristal ya yi fari fat, launinsa ya ɓace. Kowane abu hoto uku nake yi masa: ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya kusa-kusa har a ga ƙulli da maɗauri, ɗaya kuma a wuya ko a hannu domin a gane girmansa. Sai ɗan bidiyo na daƙiƙa goma ina juya shi a hankali yana ɗaukar ido.

Kada ki yi wa hoton kwalliyar da za ta canza launi. Mai saye yadi take son ta haɗa da shi. Idan kin mayar da ruwan hoda ya koma ja a waya, rigima kika saya wa kanki. Idan maganar haɗa launi ce kuma tana cikin gari, ta aiko da ƙyalle. Idan tana nesa, ta ɗauki hoton yadin a waje da rana, ke ma ki tura mata hoton duwatsun kafin ki fara.

Jigida tana da nata hukunci. Ado ne na sirri, ban taɓa sa hotonta a jikin mutum ba kuma ba zan sa ba. Nakan naɗe ta a jikin ƙwarya ko in kwantar da ita a kan farin yadi. Awon kuma mai saye ce za ta yi da kanta da tef ɗin tela, a daidai inda take son ta zauna, ta turo mini inci nawa ne. Ki tambaye ta ko mai zaren roba take so ko mai ɗauri. Sannan abin da mace ta saya a wajenki ya tsaya tsakaninku, ko da 'yar'uwarta ce ta tambaya.

A cikin duk manhajoji, WhatsApp ce ta fi kawo mini kuɗi, domin mutanen da ke cikinta sun san ni ko sun san wadda ta san ni. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ce. Tana da katalog inda za ki jera kaya da hoto da farashi, tana da saƙon maraba, tana kuma ba ki damar yi wa kowace hira alama, ki san wa ya biya, wa ake jira. Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba: sitatus ɗinki ba ya zuwa wa mace sai idan kina da lambarta ita ma ta ajiye taki, haka saƙon da kike turawa ga mutane da yawa a lokaci guda ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarki ba. Shi ya sa duk wadda muka yi ciniki nakan ce, "Hajiya, don Allah ki ajiye lambata ki riƙa ganin sababbin kaya." Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum ki sa wani abu, amma hoto huɗu ko biyar sun isa. Wadda take zuba talatin a jere, wucewa ake yi. Na lura mutanena sun fi dubawa bayan Isha'i.

Instagram da TikTok na neman sababbin fuskoki ne. Abin da ya fi tafiya a wajena ba hoton kayan da aka gama ba ne, bidiyon hannuna ne ina zura duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ana jin ƙararsu a cikin faranti. Ba sai kin nuna fuskarki ba. Ki rubuta garin da kike a saman shafin, ki sa lambar da za a same ki. A Facebook kuma akwai zaurukan mata na saye da sayarwa, ki bi dokarsu ki riƙa sa kaya.

Ki rubuta farashi a ƙarƙashin kowane hoto. Na san masu cewa a biyo su ta ciki tukuna, wai kada abokan sana'a su gani. Ni ban yarda da wannan ba. Mace mai kunya ba za ta tambaya ba don gudun kada kuɗin ya fi ƙarfinta, sai ta wuce. Wata kuma za ta zaci fuska kike dubawa ki yanka. Ki sa kuɗin, da tsawon sarƙar, inci 16 ne ko 18, da irin dutsen, da kwana nawa za ki yi idan sai an yi oda. Wadda ta yi miki magana ki amsa da wuri, da sallama da gaisuwa. Saƙon murya cikin Hausa ya fi rubutu kwantar wa iyayenmu hankali.

Idan kaya suka isa, ki tambayi mai saye ko sun yi mata. In ta yaba, ki nemi izininta kafin ki nuna saƙon a sitatus, ki rufe sunanta da lambarta.

Kuɗi da aike

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kusan kowa ya koma tiransifa. Ki buɗe asusu na sana'ar daban da na cefane, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint. Idan harka ta fara girma, ki yi wa sunan sana'arki rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin asusun ya fito da sunan da ake gani a shafinki, baƙuwar kwastoma ta fi sakin jiki da haka.

Kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit. An taɓa yi mini haka ana saura kwana uku Sallah. Wata da ban sani ba ta zaɓi saiti biyu, ta turo hoton biya, ta ce ga mai adaidaita nan a bakin layi yana sauri. Na leƙa asusu ban ga komai ba, ta ce matsalar sabis ce, zai shigo. Na ji nauyin in ƙaryata ta, na miƙa kaya. Har yau bai shigo ba, lambar ma ta daina shiga. Yanzu sai na buɗe manhajar da kaina na ga kuɗin sun zauna. Nakan ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, ƙa'idata ce ga kowa." Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan.

A cikin gari ki sami mai adaidaita ko ɗan aike ɗaya da aka san gidansu. Na wani gari kuwa, ko ki kai tasha ki ba direba, ko ki bi ta kamfanin aike irin GIG Logistics da ke ba da lambar bibiya. Idan tasha ce, ki karɓi lambar direban da ta motar, ki ɗauki hoton ƙunshin a hannunsa, ki tura wa mai kaya nan take. Ku yi maganar wanda zai biya kuɗin aike tun kafin ciniki ya faɗa. Kowane abu ki sa shi a ledarsa daban don kada su sarƙe, ki naɗe da auduga ko tsumma mai laushi, ki sa a kwali mai tauri, domin a bayan mota buhu za a iya ɗora masa. Ƙasar waje kuma, kuɗin kamfanin aike irin DHL yakan fi kuɗin sarƙa ɗaya, don haka nakan shawarci masu so su haɗu su yi oda tare, ko su jira mai tafiya.

A cikin kowane akwati ina sa 'yar takarda da na rubuta yadda za a kula da kayan. Mu mata ne masu humra da turare, kuma su ne suke cin rufin lu'ulu'un roba, su baƙanta ƙarfe. Nakan rubuta: ki shafa humra ta bushe kafin ki sa sarƙa, kada ki turara kaya da ita a wuya, ki cire kafin wanka, ki goge da busasshen ƙyalle ki mayar leda. A ƙasa in ƙara cewa idan ta tsinke cikin wata uku a kawo in gyara kyauta. Masu kawo gyaran ba su da yawa, kuma galibi wadda ta kawo takan ga wani abu a kan tire ta saya.

A bayan littafin nan nawa akwai shafukan da na ware wa mutane: sunan kowacce, awon wuyanta da na hannunta, launin da take so, ko ƙarfe yana sa mata ƙaiƙayi, da watan da ta ce za ta aurar da 'yarta. Idan Rajab ya kama nakan buɗe su in bi ɗaya bayan ɗaya, in fitar da jerin duwatsun da zan saro na carbi da na yaran Sallah tun kasuwa ba ta cika ba. Waɗanda ke da biki kafin azumi kuma in kira su mu gaisa, in tambaya ko an fitar da anko, in ce a aiko mini da ƙyalle.